Shatin Hannun Malam

Duk masu wankin mota da ke bakin hanyar sakateriya a Dutse sun san motar Ruwaida, amma Jaji kaɗai take miƙa wa makulli. Ba wai ya fi sauran iya wanki ba ne, don sau da yawa ma yakan bar kumfar omo ta bushe a gefen madubi. Abin da ya haɗa su shi ne yana jin magana, kuma ba shi da tambaya. Ranar da ta fara kawo masa motar ta buɗe ƙofar gaba, ta nuna masa wani wuri a kan dashbod, daidai gaban kujerar mai zaman banza.

"Ka wanke ko'ina, har ƙarƙashin kujeru," in ji ta. "Nan ne kawai ban yarda tsummanka ya taɓa ba."

Jaji ya leƙa. Da farko dauɗa ya gani, wani baƙin maiƙo da ƙura ta manne masa, faɗinsa kamar tafin hannu. Sai da ya karkata kai ya gane ashe tafin hannun ne da kansa, da yatsunsa cif, babban yatsan ya ɗan karkace. Ya ce, "To, Hajiya," ya ɗauki bokitinsa.

Hannun mahaifinta ne, Malam Gwadabe na Aujara, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana karantar da yara da safe, magidanta bayan la'asar, a zauren gidansa. Da tsufa ya zo masa da ciwon gaɓɓai da hawan jini, Ruwaida ce ta ɗauki nauyin kai shi asibiti a Dutse. Ita ce 'yar fari, ita ce mai mota, kuma ita ce ba ta iya cewa a'a. Sai ta yi sammako ta je Aujara ta ɗauko shi, a ga likita, ta mayar da shi kafin magariba.

Malam bai taɓa cewa mace ba ta tuƙi ba. Shi da kansa ya yi wa motar addu'a ranar da ta sayo ta, tsohuwar Corolla da ta riga ta ga duniya kafin ta iso Jigawa. Amma addu'a daban, yarda da tuƙin 'yarsa daban. Da ya zauna ya yi bismilla, sai ya riƙe carbi da dama, ya dafa dashbod da hagu, ya tokare. Haka zai zauna har Dutse, kamar shi ne yake riƙe da motar kada ta ƙwace. Kuma tunda 'yar fari ba a kama sunanta, sai ya raɗa mata wani.

"Direba, waccan tirelar ta gan ki kuwa?"

"Ta gan ni, Baba."

"To ni ban ga alama ba. Direba, akwai akuya."

"Tana cikin gona fa, Baba."

"Yanzu tana cikin gona."

Hannun nan kuwa ba ya rabuwa da mai. Kowace safiya mahaifiyarta, Inna Adama, takan narka man kaɗanya da dakakken kanumfari da citta, ta murza masa yatsun ɗaya bayan ɗaya saboda ciwon, shi kuma ya ƙara da almiskinsa. Daga nan duk abin da ya taɓa sai ya bar shaida: ƙyauren ɗaki, buta, rediyo, murfin langa, tocila. Inna tana da wani tsumma na tsohuwar atamfa da ba ya barin kafaɗarta. Tana biye da shi tana gogewa tana mita, "Malam, kai dai da hannun nan naka!" Shi kuma ko waiwaye ba ya yi, sai ya ce, "Ke kika shafa, ke za ki goge." Ruwaida ta tashi tana jin wannan musayar, tun ma kafin ciwon ya zo, lokacin da tawada ce da turare suke ɓata hannun.

Ita ma da farko gogewa take yi. Da ta sauke shi sai ta zaro tishu ta murje dashbod ɗin tana tsaki. Amma a watannin ƙarshe zuwa asibitin ya yawaita, ga aiki, ga gida, ba ta da lokacin kanta balle na dashbod. Mai ya hau kan mai, ƙura ta hau kan ƙura, kuma Malam mutum ne mai tsari: inda ya dafa jiya, nan zai dafa yau.

Ya rasu a ƙarshen kaka, a ɗakinsa, ana tsakiyar sussukar gero. Aka yi zaman makoki aka tashi. Matan unguwa, don su rage wa Inna aiki tana cikin takaba, suka wanke gidan tas, kwanuka da butoci har da ƙyamare. Ƙaninta Fa'izu, wanda makarantar ta koma hannunsa, ba ya son a ja rabon gado, don haka aka raba komai da wuri. Ya sa aka yi wa ɗakin Malam fenti ya jera littattafai a ciki. Ruwaida ta samu kasonta na gona, da wata farar riga ta Malam da aka wanke aka goge aka ninke. Ta sunsuna rigar, ƙamshin omo ta ji.

A hanyarta ta komawa Dutse, da ta iso mahaɗar Shuwarin, wata tirela ta shigo mata ba sigina. Ta taka burki, ta kasa kunne tana jiran a ce "Direba". Ba wanda ya ce. Ta juya, kujerar ba kowa, sai hannun a kan dashbod. Ta gangara gefen titi kusa da masu sayar da rake ta kashe mota, ta yi kukan da ba ta samu ta yi a gidan makoki ba, saboda can ita ce mai raba abinci da karɓar gaisuwa.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara zama a kujerar gaba. Abokan aiki da take rage wa hanya baya suke shiga, ko mutum ɗaya ne, ita a gaba su a baya kamar ta ɗauko fasinja. Wasu suka ce girman kai ne. Ba ta yi musu bayani ba.

Da sanyi ya wuce, bazara ta shigo, sai rana ta shiga maganar. A harabar sakateriya bishiyoyin darbejiya ba su da yawa, kuma kowace inuwa da mai ita. Ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta darakta, ya san ta mataimakinsa. Ruwaida ba ta kai matsayin inuwa ba. Motarta a fili take kwana da wuni, daga safe har la'asar, ga duwatsun garin suna mayar da zafin da suka sha. In ta tashi aiki sai ta naɗe hannu da gefen mayafi kafin ta iya kama sitiyari. Dashbod ɗin da yake baƙi wuluk ya fara komawa ruwan toka. Sannan wata rana ta ga wata siririyar tsaga ta fito daga gindin gilashin gaba, ta miƙo, kuma ba ko'ina ta nufa ba sai kan dogon yatsan Malam.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, ranar nan da take ɓata mata dashbod ita ce take ba ta abin da ta fi so. In mota ta wuni a rufe ta ɗau zafi, da ta buɗe ƙofa sai ƙamshin kanumfari da almiski ya tare ta. Takan shiga ta rufe ƙofa ta zauna cikin wannan zafin, gumi yana keto mata, har ƙamshin ya baje. Ta ɗauki hoton shatin da waya, ba sau ɗaya ba, amma a hoto ba ya fita a hannu, wani baƙin tabo kawai ake gani.

Mijinta Abdulwahab malamin sakandare ne, mutum mai haƙuri, amma ba ya iya ganin abu yana lalacewa ya yi shiru. Ya san labarin shatin, ya kuma ƙyale ta har ranar da ya ga tsagar. Ya zauna ya kalli yadda ake yi a waya, ya sayo wani lallausan tsumma ruwan ɗorawa da kwalbar man goge dashbod, ya same ta a tsakar gida.

"Abin ba wuya," ya ce. "A fara kaɗe ƙura da busasshen tsumma. Sai ruwa da ɗan sabulu kaɗan, ba omo ba, omo yana cin roba. A bari ya bushe, a shafa wannan man, a shimfiɗa kafet a kai. In kin faka ki tare gilashi. Tsagar ba za ta koma ba, amma za ta tsaya."

"A yi duka," ta ce. "A bar wurin."

"Wurin ne ai ya fi buƙata. Maiƙon nan da kike gani, rana tana soya shi a kan robar."

"Abban Safa, na ji. A bar wurin."

"Maman Safa, in robar ta farfashe, a kan me zai zauna? Za ki rasa dashbod, ki rasa shi."

Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share. Ya ajiye mata tsumman da kwalbar a kan taga ya fita masallaci.

Amma ta yi amfani da rabin shawararsa. Ta kai wa Jaji kayan, ta tsaya a kansa yana aiki. Ya kaɗe, ya wanke, ya shafa man, yana kewaye shatin a hankali da ɗan yatsa a cikin tsumma. Da ya gama, ko'ina ya yi baƙi yana sheƙi, sai wani tsibiri mai ruwan toka da hannu a tsakiyarsa. Dā sai an lura ake ganin hannun, yanzu daga wajen mota ma ana hango shi.

Ta je wurin masu kayan mota ta sayi kafet ɗin dashbod, irin mai gashi-gashi da direbobin haya suke so. Ta shimfiɗa, ya zauna daidai, sai kuma ta farga: gashin nan zai tsotse man. Ta ɗage shi da sauri, ta ɗauko almakashi ta yanke masa taga daidai faɗin hannun. Ta ja baya ta duba, ta ji daɗin dabararta. Sai da Abdulwahab ya leƙa ya ce, "Yanzu kin rufe ko'ina, kin buɗe wa rana inda kike tsoro," sannan ta ga abin da ta yi. Ta ji haushinsa ƙwarai, musamman da yake gaskiya ya faɗa.

Ta koma tare gilashin gaba da kwalin taliya in ta faka. Wata rana ta tuna, wata rana sauri ya hana ta, kuma da hantsi ya juya rana takan shigo ta gilashin gefe. Sai ta ɗauko ƙaramin kwanon silba daga kicin ta kife a kan shatin, don shi ba zai taɓa shi ba kuma ba abin da zai ratsa shi. Kwanon ya wuni yana ɗaukar zafi. Da la'asar ta ɗaga shi da gefen mayafi, ta tarar man ya narke ya malala, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun haɗe sun zama ɗaya. Ranar ba ta ci abincin dare ba. Ta san da hannunta ta ɓata yatsun, kuma ba wanda za ta ɗora wa.

Ƙwarya ce ta zo ta yi mata maganin abin. Wata ƙaramar ƙwarya ta dama fura, wadda Inna ta ba ta tun tana amarya. Ba ta ɗaukar zafi, ga shi bakinta ya shige tagar kafet ɗin cif, gashin ya riƙe ta, ko a rami ba ta motsi. Ruwaida ta bar ta a nan dindindin. Sai ta faka ta ga ba kowa, ta ɗaga ta duba ta mayar.

To, a Dutse mota ba ta yawo da kifaffiyar ƙwarya a gaba mutane su ce ba su gani ba. Ga ta 'yar malam, ga shi ba ta bari kowa ya zauna kusa da ƙwaryar. Kafin a jima an gama lissafi a ofis: wani abu ne mahaifinta ya haɗa mata kafin ya rasu. Wasu suka ce na ƙarin girma ne, wasu suka ce na tsarin hanya. Wata ma ta biyo ta har bakin mota tana raɗa, ko za a taimaka mata da irinsa. Ruwaida ta ce fura take sha a ciki.

Tsagar kuwa ba ta san da ƙwarya ba. Ta bi ta ƙarƙashin kafet a hankali har ta taɓa kan dogon yatsan, ta fara shiga cikinsa. Ƙamshin ma ya ragu. Wata rana sai ta sunkuya ta kai hanci dab da robar kafin ta ji shi.

Ana cikin haka Inna ta fita takaba. Fa'izu ya bugo waya ya ce a zo a ɗauke ta ta ɗan huta a Dutse, a kuma duba mata idonta da yake mata hazo. Ruwaida ta tafi ran Asabar da safe.

Ta tarar an riga an tara kaya a ƙofar gida. Tsohuwa ba ta zuwa gidan 'yarta hannu biyu, kuma maƙwabta kowa ya kawo nasa: buhun gero, ƙullin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, tsintsiya, da kaji biyu a ɗaure. But ɗin motar ya cika, sauran aka tura kujerar baya. Fa'izu yana lodi yana satar kallon ƙwaryar. Da mutane suka ja baya ya matso.

"Yaya, wata magana ta iso ni har nan. An ce kina yawo da wani abu a mota, wai Baba ne ya ba ki. Kin san Baba bai taɓa yin irin wannan aikin ba, kuma sunansa ake kira."

Ta buɗe ƙofa ta ɗaga ƙwaryar. Fa'izu ya sunkuya ya duba. Ya daɗe a sunkuye, fiye da yadda duba maiƙo yake buƙata. Da ya ɗago sai ya gyara hularsa da ba ta karkace ba.

"Addu'a ce take isa gare shi, Yaya. Ba wannan ba."

"Na sani. A zaure ɗaya aka karantar da mu."

"To kada Inna ta gani. A gyara mata baya."

Aka matsar da kaji, aka buɗa mata wuri. Inna Adama ta fito da jakarta a hammata, ta rame, ta ƙara gajarta. Ta leƙa bayan motar, ta ga kaji suna kallonta.

"Ni da kaji? Kuma bayan mota juya min ciki yake yi." Ta kewaya ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta zauna, ta yi bismilla.

Ruwaida ta dubi Fa'izu, Fa'izu ya dubi ƙasa. A cikinsu ba mai iya ce wa Inna ta tashi.

Ba su gama fita daga gari ba Inna ta kai hannu. "Ke 'yar nan, wannan ba ƙwaryata ba ce? Me take yi a nan a kife?"

"Inna, bar ta..."

Ta riga ta ɗaga. Idonta yana hazo, amma ba ta karkata kai ba, ba ta matso ba, ba ta tambaya ba. Ta dubi wurin, ta ɗora ƙwaryar a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Suka yi ta tafiya, kaji suna ƙorafi in an faɗa rami. Gonaki a bushe dama da hagu, an share wasu ana jiran ruwa. Ruwaida ta riƙe sitiyari tana jiran faɗa, ta ma shirya amsar da za ta bayar.

Sai da suka wuce Kiyawa Inna ta nuna wata tsamiya a bakin hanya. "Tsaya a inuwar can."

Ta tsaya ta kashe mota. Inna ta buɗe jakarta ta lalubo wani abu daga ƙasa. Tsumman atamfar nan ne, a wanke, a ninke.

"Akwai ruwa a motar nan?"

"Inna, don Allah." Muryarta ta fito ƙarama. "Shi kaɗai ya rage min."

"Ni ko ɗaya ba a bar min ba," in ji Inna. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai tana ba da labarin farashin gero. "Ranar da aka fita da shi, da safe ni na shafa masa. Ya dafa ƙyaure, ya ɗau buta, ya kunna rediyo. Na ce bari in sauke koko in zo in goge. Ban dawo ba aka kira ni. Da na samu kaina na fito da tsumma, matan nan sun wanke komai. Allah ya saka musu, taimako suka yi. Na bi ƙyaure, na bi buta, har tocila na duba." Ta shafa tsumman a cinyarta. "Tun ina yarinya a gidan nan ban taɓa barin hannunsa ya kwana a kan abu ba. Sai wannan na ƙarshen, wasu suka goge min."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza su. Ruwaida ta dubi shatin. Yatsu biyu sun haɗe, tsaga ta ratsa na uku, babban yatsan ne kawai yake nan yadda yake, a karkace. Ta ji tana son ta kife ƙwaryar ta tayar da mota. Ta san in ta yi haka Inna ba za ta ce komai ba, za ta mayar da tsumman cikin jaka, kuma ba za ta ƙara tayar da maganar ba har abada. Wannan sanin ne ya fi yi mata ciwo.

Ta miƙa hannu ta yaye kafet ɗin gaba ɗaya ta jefa shi baya kan buhun gero. Ta ɗauko ledar ruwa a aljihun ƙofa, ta huda da haƙori, ta tsiyaya a kan tsumman da Inna ta tara.

Inna ta matse shi, ta naɗe a yatsu biyu. Ta fara daga tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, daga gindi zuwa kai, yadda take murza su da safe. Man ya daskare, bai fita da sauƙi ba. Ta juya tsumman ta sake bi, ta sa farce a cikin tsagar ta ciro abin da ya maƙale. Babban yatsan ta bari ƙarshe. Tana cikin murza shi Ruwaida ta ji ta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, kai dai da hannun nan naka."

Ta dakata kaɗan, tsumman a kan robar. Sannan ta ƙarasa.

Da ruwan ya bushe ba abin da ya rage sai roba mai ruwan toka da siririyar tsaga a tsakiya. Ruwaida ta duba da kyau, ko akwai ɗan duhu, ko wani layi. Inna ba ta aiki rabi da rabi.

"Kawo in sa miki a leda, Inna, zai ɓata miki jaka."

"Bar shi nan." Ta ninke tsumman, ɓangaren maiƙon a ciki, ta sa shi a cikin ƙwaryar, ta rufe da tafin hannunta. "Mu je, rana tana yi."

Ruwaida ta goge fuska da mayafi ta tayar da mota. A mahaɗar Shuwarin, kamar kullum, wata tirela ta kutso kai ba sigina. Ta taka burki, kaji suka yi kuka, Inna ta yi gaba ta dafa dashbod da hannun hagu, daidai wurin.

"Wannan ya gan ki kuwa?"

"Ya gan ni, Inna."

Tirelar ta wuce. Inna ta janye hannunta ta mayar kan ƙwaryar. Ruwaida ta saci kallon wurin. Hannun Inna a bushe yake, bai bar komai ba.